Hoton Dangi a Ranar Biki: Wa Zai Tsaya Kusa da Wa?

Mai ɗaukar hoto ya san na'urarsa kuma ya san haske, amma bai san cewa matar da ke zaune a bakin ƙofa ita ce ta yaye amarya ba, haka nan bai san cewa dattijon da ya iso da ƙura a rawaninsa ƙanin kakan ango ne da ya taso tun daga Mubi ba. Saboda haka idan aka tambaye ni yadda za a tsara hotunan dangi a biki a nan Garwa, a arewacin Kamaru, shawarata ita ce a nemi wanda ya san kowa da matsayinsa a cikin gida tun kafin a yi ciniki da mai hoto. A ɓangaren mata galibi gwaggo ce ko babbar yaya mai murya, wadda ba ta jin nauyin kiran kowa, a ɓangaren maza kuma a samu baffa ko kawu wanda samari ke shakkarsa.

Abin da za a fara fahimtar da mai hoto shi ne, bikinmu ba shi da wani lokaci guda da dangi duka suke haɗuwa a wuri ɗaya. Ɗaurin aure taron maza ne a masallaci ko a ƙofar gida, inda waliyyi da wakilin ango da shaidu suke zaune a kan tabarmi, amarya kuwa tana can cikin ɗaki. Mata suna da nasu zaman na kamu da sa lalle da wuni, sannan a kai amarya da dare. Akwai kuma iyalan da ke zuwa ofishin magajin gari domin a rubuta auren a rajistar hukuma, kuma tun da dokar Kamaru ta 1981 ta tanadi a sanar da ofishin aƙalla wata guda kafin ranar, wannan watan ya isa a zauna a rubuta sunayen waɗanda ake son ɗauka a kowane zama. Maza a ɗauke su da zarar an shafa Fatiha, kafin a raba goro jama'a su watse, domin wanda ya sa takalminsa ya hau babur ba ya dawowa saboda hoto.

Inda lamarin ya fi bukatar hankali shi ne cikin gida. Mahaifiyar amarya, musamman idan 'yar fari ce ake aurarwa, sau da yawa ba za ta yarda ta tsaya kusa da 'yarta a gaban jama'a ba, kuma zamanmu da Fulani a wannan yanki ya ƙara wa wannan kunya ƙarfi. Bai kamata a jawo ta da hannu ana dariya ba, domin abin da yara suke gani wasa ne ita a wurinta nauyi ne. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a ware mata ɗan lokaci a ɗakinta, ba tare da taro ba, wata tsararta ta yi mata magana a hankali: "Hajiya, ki daure ki zauna, don jikoki ne, ba don mu ba." Idan ta ƙi, a ƙyale ta.

A gidan da yake da mata fiye da ɗaya, tsarin zama magana ce da za a daɗe ana maimaita ta bayan an gama biki. Uwargida tana da wurinta ko da ba ita ta haifi amarya ba, kuma idan an ɗauki amarya da mahaifiyarta, wajibi ne a ɗauke ta da abokiyar zaman mahaifiyar, ko kuma a haɗa su duka a hoto guda. Haka nan mariƙiya, wadda ta yi ɗawainiyar yarinya tun tana ƙarama, ba a tura ta layin baya a bar gaba ga baƙuwar da ta fi kowa tsadar leshi. Dangin uwa da dangin uba kowanne a ba shi nasa hoton, kuma a yi su a jere, don kada wani ɓangare ya ce an manta da shi. Ƙawayen amarya masu anko, a ganina, su ne na ƙarshe, tun da su ba sa gajiya kuma kowace tana da waya a hannunta.

Tsofaffi su ne na farko, a ajiye musu kujeru, yara su zauna a gabansu a kan darduma. Daga nan sai baƙin nesa: waɗanda suka zo daga Marwa, ko Yola, ko waɗanda suka tsallako gadar Ngeli daga Njamena zuwa Kuseri suka kwana a hanya, da masu komawa Ngaundere domin su kama jirgin ƙasa na Yawunde. Irin waɗannan sukan yi sallama da wuri, kuma su ne waɗanda ba a san ranar da za a sake ganinsu tare ba.

Batun haske kuwa, ranar Garwa ba ta da sassauci. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kuma da tsakar rana inuwar hula da ta ɗankwali tana sauka a kan idanu, kwalliyar amarya tana narkewa. Farar shadda a cikin rana tana ruɗin na'ura, ta rage haske har fuskoki su fito da duhu. Mutane suna son gindin darbejiya, amma hasken da ke ratsa ganyenta yakan bar tabo a fuska da tufafi, don haka inuwar katanga ko ta rumfa ta fi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar La'asar, sai dai gajere ne, domin wajen ƙarfe 6 rana ta faɗi, kuma da an kira Magariba maza sun tashi. A tuna wa mai hoto ya zo da batir a cike, saboda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a ranar da ake bukatarta.

Akwai sharaɗin da ya kamata a faɗa masa tun ranar ciniki, a gaban shaida. Mata da yawa suna yarda a ɗauke su ne don hoton zai zauna a cikin gida, ba don ya fita Facebook ko ya yi yawo a WhatsApp ba, kuma wasu mazajen ba sa son hoton iyalinsu a hannun baƙo. A gaya masa ƙarara cewa hotunan cikin gida ba na talla ba ne, ya miƙa su ga mutum ɗaya da iyali suka zaɓa, wanda aka zaɓan kuma ya tambayi kowace mace kafin ya tura wa wani.