Wuni guda tare da kirinjijiya a Dagona

Asabar, tsakiyar hunturu

Bayan sallar asuba na bar Gashuwa zuwa tafkin Dagona, wanda yake cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Hazo bai gama washewa ba na fara jin fiton kirinjijiya, sauti uku sirara a jere, daga wani gungu da ke dawowa daga kiwon dare, domin wannan agwagwar daji yawanci da dare take neman abinci, ta wuni tana hutawa a gaɓa.

Na daɗe ina kallon su da madubin hangen nesa. Fuskar fara ce fat, ƙeya da bayan wuya baƙi, ƙirji jajaja, haƙarƙari kuma da zanen baƙi da fari siri-siri. Ƙafafuwanta dogaye ne, wuyan ma haka, shi ya sa take tsayuwa a miƙe ba kamar agwagwar gida ba. Namiji da tamata kamarsu ɗaya. Abin da ya fi riƙe idona shi ne wasu guda biyu da suka tsaya gaba da gaba, kowace tana tsefe wa 'yar'uwarta gashin kai da baki a hankali, kamar mata a wurin kitso, ana yi wa ɗaya tana sunkuyar da kai har idonta ya lumshe.

Yawancin masu zuwa nan suna zuwa ne saboda baƙin tsuntsayen da suke gudo wa sanyin Turai, amma kirinjijiya 'yar gida ce, ruwa kawai take bi daga fadama zuwa fadama. A nan take yin sheƙa da damina, a ƙasa cikin doguwar ciyawa, ta saka ƙwai, yawanci tsakanin 6 da 12, namiji da tamata su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 26 zuwa 28. Irinta sak ake samu a Madagaska da Birazil da Ajantina, abin da har yanzu yake ba ni mamaki idan na tuna faɗin tekun da ke tsakani.

Dattijon da ya tuƙa ni a kwalekwale bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, "Malam, kai kana ganin kyanta, mai shinkafa kuwa kwana yake yana kaɗa gwangwani." Na ce masa, "Gaskiyarka, Baba," domin tana cin shinkafa kamar yadda take cin 'ya'yan ciyawa da na bado da ƙananan dodon koɗi, kuma asarar manomi ba abin rainawa ba ce.

Duk da haka, a ganina babbar damuwar tsuntsuwar da manomin ɗaya ce, wato ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika waɗannan fadamu kowace shekara ta ragu, ruwan da ke kwanciya rani da damina a wasu magudanai kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe su. Da la'asar mun zo wata mashiga da Baba ya ce a da kwalekwale biyu suna gittawa a cikinta, amma kacala ta rufe ta ruf, dole muka juya muka bi doguwar hanya zuwa gaɓa.