Makonni Shida na Farko a Katsina ga Baƙon da Ya Zo Digiri na Biyu

Daga Bauchi na zo Katsina yin digiri na biyu. Abin da na gani a kaina da kuma abokan karatuna da suka zo daga Gombe, Neja da Taraba shi ne, darasi ba ya kayar da baƙo kamar yadda rashin zama yake kayar da shi. Takarda ɗaya da ta maƙale a hanya, ɗakin da aka kama a gurguje, ruwa da wutar da ba a yi wa lissafi ba, su ne ke cinye zangon farko kafin mutum ya buɗe littafi da natsuwa.

Takardu tun daga gida ake gama su. Za a nemi sakamakon sakandare mai kiredit biyar, shaidar digiri na farko, shaidar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, wasiƙun malaman da suka san ka, da hotuna. Na yi wa kowace kwafi biyar, na ɗauki hoton asalinsu na ajiye a imel. Kafin ka sa su a jaka, shimfiɗa su ka karanta sunanka a kowace. Idan wata ta ce Muhammad, wata Mohammed, ko sunan mahaifi ya riga naka a wata ya biyo baya a wata, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kana garinku. A wajen tantancewa irin wannan bambancin ne ke mayar da mutum baya, kuma komawa gida daga Katsina saboda harafi biyu asarar mako guda ce.

Mai jan ƙafa a cikinsu ita ce takardar cikakken sakamakon digiri, wadda kowa ke kira taranskirif. Ba a hannunka take zuwa ba, tsohuwar makarantarka ce ke aika wa sabuwar kai tsaye. Tawa ta haura wata biyu kafin ta iso, domin sai da na ga sunana ya fito sannan na nema. Ranar da ka sayi fom ya kamata ka biya kuɗinta, ka karɓi rasit, ka samu mutum guda a can da zai riƙa leƙa ofishin, sannan ka karɓi lambar aikawa idan ta fita. Da wannan lambar za ka nemo ta a makarantar karatun gaba da digiri idan aka ce ba a gani ba.

Idan ta Remita, tsarin biyan kuɗi ta intanet, ake biyan kuɗin makarantar, lambar biya mai alƙaluma 12 da ake kira RRR ita ce shaidarka. Ka fitar da ita da kanka, ko ka tsaya a kan mai kwamfutar har ka ga sunanka da dalilin biyan sun fito daidai. Kuɗin da aka biya a gurbin da ba nasa ba, dawo da shi aiki ne babba. Ka kuma tambaya tun wuri ko akwai bambancin kuɗi tsakanin ɗan jiha da baƙo, domin jami'o'in jihohi da dama suna bambantawa. Kuɗin karɓar gurbi daban, na rajista daban, na sashe daban, ga na ɗakin gwaji ga masu kimiyya, ga na kare kundi a gaba. Ma'aikaci kuma kada ya taso da izinin baki. Sai takardar hutun karatu ta fito da sa hannu, in ba haka ba wata rana albashi zai tsaya kana tsakiyar jarrabawa.

Hanya ba ta da wuya. Daga Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, ta Bichi, Tsanyawa, Kankiya da Charanci, ka shigo ta Ƙofar Ƙaura. Motocin KTSTA na jihar suna wannan hanya, ga kuma na tasha. Ka yi sammako yadda za ka sauka kafin la'asar, kuma zuwan farko jaka ɗaya ta isa. Katifa da tukwane su jira sai ka san inda za ka ajiye su.

Maganar ɗaki ita ce babba, kuma a nan na fi son a saurare ni. Manyan makarantun birnin a jere suke kan hanyar Dutsin-Ma, kudu da gari: Jami'ar Al-Qalam, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, sai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua can gaba, wajen Ɓatagarawa. Dubban ɗalibai ne ke neman ɗaki a kan layi ɗaya a lokaci ɗaya, shi ya sa haya ke tashi a makon rajista, dillali kuma ya ce maka in ba ka biya yau ba wani zai ɗauka gobe. Kada ka biya. Ka sauka wajen wani ɗan garinku ko masaukin baƙi mai sauƙi na mako ɗaya, har ka ga jadawalin darussa. A sashenmu an tattara darussan cikin kwana uku a mako saboda yawancinmu ma'aikata ne. Wanda zai shiga makaranta kwana uku lissafinsa daban da na wanda zai kwana a ɗakin gwaji kwana shida. Ka ɗauki kuɗin kurkura, wato sunan da ake kiran Keke Napep a nan, na zuwa da dawowa, ka ninka da kwanakin mako, ka ninka da makonnin shekarar karatu, ka ɗora a kan kuɗin haya. Sau da yawa ɗaki mai araha a cikin gari ya fi mai tsada kusa da makaranta cin kuɗi.

Idan aka kai ka ganin ɗaki, fenti shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Fara da ruwa. Ruwan famfon birnin daga madatsar Ajiwa yake zuwa, amma sababbin unguwannin bayan gari da burtsatse da 'yan garuwa suke rayuwa. Tambayi maƙwabci, ba mai gida ba: ina kuke ɗebowa, nawa ake sayar da jarka a watan Afrilu, wa ke sayen mai idan za a tayar da injin burtsatse? Ni kaɗai ina shan jarka biyu mai lita 25 a rana tsakanin wanka, alwala, girki da wanki, lokacin zafi kuma uku. Durom mai lita 200 ke nan kwana huɗu zai kai ni, kuma shi na fara saya kafin tebur.

Daga nan ka dubi gindin bango, ciki da waje. Idan ka ga zanen danshi ya hau taki ɗaya ko biyu, to ruwan watan Agusta yana shiga gidan, ko da an shafe shi da sabon fenti alamar ba ta ɓuya. Ka ɗaga kai ka ga ko akwai silin. Kwano tsirara a watan Afrilu ba ɗakin karatu ba ne, kuma tagar da ke kallon yamma tana tara zafin la'asar ta riƙe shi har tsakar dare. Sai mita: ta kati ce ko ta bil, mutum nawa ke kanta, akwai tsohon bashi? A nemo maka takardar biyan ƙarshe ka gani da idonka. Na san ɗakunan da sabon ɗan haya ya gaji bashin wanda ya tashi, aka yanke wutar gidan gaba ɗaya. Ka kira wani a waya daga cikin ɗakin da ƙofa a rufe, ka buɗe intanet, domin wani lungun layi ɗaya kawai yake kamawa.

In an daidaita, a rubuta. Kuɗi, ranar shiga, ranar ƙarewa, wanda zai gyara rufi da kwashe masai, da shaidu biyu. La'adar dillali bisa al'ada ɗaya cikin goma ce, a faɗe ta kafin biya. Kuɗin haya kuma a hannun mai gida ko asusunsa.

Abin da baƙi da yawa ke tsallakewa shi ne gaisuwar mai unguwa. Saboda halin tsaron da jihar ta shiga, mutane suna lura da sabuwar fuska, kuma suna da gaskiya. Na roƙi mai gidana ya raka ni, na tafi da kwafin takardar gurbina, na durƙusa na ce, “Ranka shi daɗe, ɗalibi ne daga Bauchi, na kama ɗaki a gidan Alhaji.” Minti goma ba mu yi ba. Wannan da tsayuwa a sahun masallacin layi su ne suka sa in na yi tafiya ake duba mini ƙofa. Mata da suka zo su kaɗai kuwa sun fi samun kwanciyar hankali a ɗakunan kwanan makaranta ko gidan da matar aure take ciki.

Wuta sai ka yi wa kanka tanadi, kuma lissafinta ba ya buƙatar injiniya. Kwamfutar cinya tana cin wat 45 zuwa 65, fanka mai aiki da batir kusan wat 15 zuwa 20, ƙwayayen fitila biyu wat 10. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma in na dalma ne mai ruwan asid rabinsa kawai ya kamata ka sha, wato 600, in ba haka ba ba zai shekara ba. Wannan 600 ɗin zai riƙe kwamfuta da fanka da fitila awa shida zuwa bakwai. Farantin sola mai wat 200 ya isa ya cika shi a ranar Katsina, muddin akwai na'urar daidaita caji a tsakani. Kada a haɗa faranti da batir kai tsaye, dafa shi zai yi. Lokacin hunturu ƙura tana rufe farantin cikin kwana biyu ko uku, cajin ya ragu ka zaci batir ne ya mutu, alhali tsumma mai laima kawai yake so. Dutsen guga da abin dafa ruwa ba sa hawa irin wannan haɗin. Don girki, tukunyar gas mai kilo 6 tana kai mutum ɗaya wata guda ko fiye.

Shekarar Katsina ita ma a sa ta cikin tsarin karatu. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne da ƙura mai busar da hanci da leɓe. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma tsakanin azahar da la'asar kai ba ya ɗaukar komai. Ni karatuna mai nauyi bayan asuba nake yi zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan isha'i. Damina gajera ce, Yuni zuwa Satumba, sauro da zazzaɓin cizonsa suna biyo ta. Gidan sauro tun daren farko, kuma ka buɗe kati a asibitin makaranta kana da lafiya, kada ka bari sai ranar da jiki ke rawa.

Kasuwa da harshe cikin sati biyu za ka saba. Mu da mudu muka taso, a nan tiya ake awo, kuma ta fi mudunmu girma, don haka kada farashi ya firgita ka kafin ka ga kwanon. Za ka ji “tahi” a wurin “tafi”, “hwara” a wurin “fara”, “mashi” a wurin “masa”, “Allah shi taimake ka” a wurin “Allah ya taimake ka”. Ba sai ka kwaikwaya ba. Amma in bincikenka na hira da mutane ne, ka koyi jin Katsinanci da kyau, domin wajen rubuta abin da ka naɗa za ka gane amfaninsa.

Wannan ya kawo ni kan wurin bincike, inda na ga mutane sun yi asarar shekara. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da masarautu biyu, Katsina da Daura. Baƙo yakan zaɓi wuri daga taswira, ya rubuta shi a furofozal, wato tsarin binciken da ake gabatar wa sashe, a amince, sannan ya gano ba zai iya zuwa ba. Yankunan yamma da ke iyaka da dajin Rugu, irin su Batsari, Safana da Ɗanmusa, sun sha fama da 'yan bindiga, har a 2021 aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar na tsawon watanni. Yanayi yana canzawa, shi ya sa ɗan ajinku da ya fito daga wurin shi ne zai gaya maka halin da ake ciki a wannan watan. Sauya wurin bincike bayan an kare furofozal yana nufin komawa gaban kwamitin sashe. Ni na zaɓi garuruwan da zan je in dawo kafin magariba, kan hanyar Daura, wadda ke da nisan kusan kilomita 80 daga birnin.

Shiga gari ma da ƙa'idarsa. Wasiƙar gabatarwa daga sashe za ka kai ofishin ƙaramar hukuma, daga nan fadar hakimi, shi zai haɗa ka da magaji, wato dagaci, magaji ya haɗa ka da mai unguwa. In ka tsallake tsani ɗaya za a karɓe ka da fara'a, a ba ka ruwa, amma amsar da kake nema ba za ta fito ba. Binciken da ya shafi lafiyar mutane kuma yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a kafin ka tambayi kowa komai, don haka a nemi wannan da zarar an amince da furofozal.

Malamin da zai duba aikinka, ka same shi tun zangon farko, ko da ba a fara maganar kundi ba. Ka je da shafi biyu a buge, ɗauke da take uku da kake tunani da wurin da kowanne zai kai ka. Ka tambaye shi, “Malam, a takarda kake son in riƙa kawo aiki ko ta imel, kuma wace rana ce ba ta takura maka?” Ka rubuta amsar. Duk babin da ya gyara da jan biro, ka adana shi, ka haɗa da sabon idan za ka mayar, domin ya ga ka bi gyaran ba sai ya sake karantawa daga farko ba. Kwafin kundin kuma ya zauna wuri uku, kwamfuta, filas da imel, ka sa kwanan wata a sunan kowane.