Jiaozi da kayan zaƙi a unguwar Musulmin Xi'an

A birnin Guangzhou na ƙasar China, inda nake zuwa saro kaya, na daɗe ina wuce masu sayar da jiaozi ba tare da na tsaya ba. Ƙullin fulawa ne ake murzawa falan-falan, a zuba niƙaƙƙen nama da ganye, a matse bakin, sannan a dafa a ruwa, ko a turara, ko a soya. Sai dai galibinsu naman alade ne a ciki, kuma ido ba ya ganewa.

Sai da na je birnin Xi'an na ci hankalina kwance. A bayan Hasumiyar Ganga, wani tsohon gini a tsakiyar garin, akwai unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, kusa da babban masallacin garin da tarihi ya ce an kafa a shekarar 742. Shagunan suna ɗauke da alamar halal, 清真, wasu har da rubutun Larabci. Na haddace siffar alamar nan, kuma ita ce ta fi yi mini amfani a duk tafiyar.

Na fara da jiaozin naman sa a cikin romo mai tsami da man barkono da riɗi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne guantang baozi, irin wannan ƙullin fulawar amma mai romo a cikinsa. Wani dattijo mai farar hula ya nuna mini da hannu: ka ɗora a cokali, ka ɗan huda gefe, ka shanye romon, sannan ka ci sauran. Wanda ya jefa shi baki gaba ɗaya zai ƙone harshe.

A ɓangaren zaƙi na ci zenggao, shinkafa mai danƙo da ake turarawa da jar magaryar China, da kuma wainar shizi bing, wadda ake soyawa da wani ɗan itace dangin kanya. Da zafinta ake ci.

Abin da nake so matafiyi ya kiyaye shi ne kayan zaƙi ma suna buƙatar tambaya. Tangyuan, dunƙulen garin shinkafa mai baƙin riɗi a ciki, bisa al'ada da kitsen alade ake haɗa riɗin. Haka wasu kek ɗin ƙwai na Guangzhou. Shi ya sa ko alewa ce, a shagon Hui nake saya, ko in nuna wa mai shago tambayata a rubuce da Sinanci a waya kafin in biya.