Tsokar sharaɓa da gaɓoɓi biyun da ta ratsa

Duk wanda ya yi ɗage don ya ɗauko wani abu a saman kanta, idan ya kai hannu bayan ƙwaurinsa zai ji wani dunƙule ya taso ya yi tauri. Wannan ita ce babbar tsokar sharaɓa, wadda likitoci suke kira gastiroknimiyas, kuma a ganina ba a fahimtar aikinta sai an lura da inda ta faro da inda ta ƙare.

Mutane da yawa suna zaton daga ƙashin ƙwauri ta tsiro, alhali kuwa kawunanta biyu suna manne ne da ƙarshen ƙashin cinya, a bayan gwiwa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma na cikin ya fi girma, ya fi saukowa ƙasa. Wajen tsakiyar ƙwauri naman yake ƙarewa ya zama farar jijiya mai faɗi, wadda take haɗuwa da ta wata tsokar da ke kwance a ƙarƙashinta, wato soliyas, su zama agara. Agara tana kaiwa kimanin santimita 15, ita ce mafi kauri da ƙarfi a cikin irinta a jikin ɗan Adam, kuma a ƙashin dunduniya take ɗaure.

Ke nan tsokar ta tsallake gwiwa, ta kuma tsallake idon sawu. Babban aikinta shi ne ɗaga dunduniya da tura jiki gaba a lokacin tafiya da gudu da tsalle, sannan tana ɗan taimakawa wajen lanƙwasa gwiwa. Amma ƙarfinta a idon sawu ya danganta da halin da gwiwa take ciki. Idan gwiwa ta miƙe, tsokar tana a ɗame, tana da abin ja. Idan gwiwa ta lanƙwashe, sai ta yi sako-sako, nauyin ya koma kan soliyas, wadda ba ta kai gwiwa ba. Dubi ɗan garuwa yana tura kurarsa a hawa: ƙafar baya a miƙe, dunduniya a sama, kawunan nan biyu sun fito ɓaro-ɓaro. Shi kuwa tela da ke zaune yana taka keken ɗinki, tsokar ƙasan ce take ɗauke da yawancin wahalar, kuma da ma ita aka yi wa juriya, ta saman kuwa ta fizga ce da hanzari.

Wannan tsari ne yake jawo mata rauni. Idan mutum ya zabura da gwiwa a miƙe, yatsun ƙafa kuma suna kallon sama, ana jan tsokar ta gefe biyu a lokaci guda, sai kanta na ciki ya yage. Abin ya fi samun magidanta masu matsakaicin shekaru da suka daɗe ba su motsa jiki ba, suka shiga filin ƙwallo da zafinsu, kuma waɗanda abin ya sama sukan ce sun ji kamar an jefe su da dutse daga baya. Haka nan ƙagewar da kan tayar da mutum cikin dare: abin da yake sakinta shi ne a miƙe gwiwa a jawo yatsu zuwa wajen ƙwauri, domin da gwiwa a lanƙwashe ba za a miƙar da ita sosai ba.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Duk takun da aka yi, tsokokin sharaɓa suna matse jijiyoyin jinin da ke tsakaninsu, suna tura jini sama zuwa zuciya. Shi ya sa doguwar tafiya a mota ko jirgi ba tare da motsa ƙafa ba take kawo kumburi, wani lokaci har jini ya daskare a ciki. Sharaɓa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo ba tare da an bugu ba, ba ta tausa ba ce. Asibiti ya kamata a kai ta a ranar.