Teburin mai shayi a Mile 12

Daren jiya na zauna teburin mai shayi a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina jiran motar tumatir daga Kano. Wani yaro ya saki kiɗan Legas a wayarsa, sai dattijon da ke gefena ya ce, “Ɗana, rage mana, mu ji na gida.” Sai dattijon ya kunna tsohuwar waƙar kalangu. Wallahi wurin ya yi tsit, har mai shayi ya tsaya da kofi a hannu, kumfa na zuba.

Ni kuwa sai hawaye. Na tuna tsakar gidanmu, da rediyon mahaifina mai ɗaure da roba.

Daga nan hira ta juya siyasa. Tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, samarinmu da yawa suka koma dako. Aka zo aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwando. Abin yana ci mini rai.

Na ce, “Baba, yaushe rabonka da gida?” Ya ɗaga yatsu uku, ya ƙara sautin waƙar.