Hutun Ranar Jamhuriya a tsakar gidanmu na Nima

Babbar Sallah ta 2025 ta faɗo ranar 6 ga Yuni, layya da ɗinkin yara suka kwashe ɗan abin da ke hannunmu. Ko wata ba a rufa ba sai ga sanarwa ta iso mu a Nima, unguwarmu da ke Ankara (Accra), cewa Ranar Jamhuriyar Gana ta dawo cikin ranakun hutu. Tun 2019 aka cire 1 ga Yuli daga jerin, ana zuwa aiki da makaranta kamar kullum, sai a 2025 majalisa ta maido da ita. Da yake ranar ta faɗo Talata, aka kai hutun Juma'a, 4 ga wata. Yarana uku suka dawo daga makaranta da magana ɗaya a baki: 'yan ajinsu duk Labadi za su, bakin teku.

Ni tela ce, kuma duk mai ɗinki ya san keke yakan yi shiru bayan Sallah. Na ɗauki biro na lissafa: trotro, wato motar haya, zuwa da dawowa na mutum biyar, kuɗin ƙofa, sannan abincin da za a saya a can, wanda farashinsa ba irin na unguwa ba ne. Abin ya kusa cinye cefanen mako. Ga damina, ga teku da ke tashi a watan Yuli, ga cunkoson ranar hutu da uwa ba ta iya sa ido kan yara uku a cikinsa. Amma ban so in ce musu babu kawai in yi shiru ba. Yaron da ya koma aji ranar Litinin ba shi da labarin bayarwa, abin yana zama masa a rai.

Sai na je wurin Mma Hajiya, uwar gidan da muke haya. Na ce, "Mma, me zai hana mu haɗa tukunya ɗaya a tsakar gida?" Ta ce, "'Yata, daidai ruwa daidai tsaki. Amma da sharaɗi: kada a rubuta sunan kowa." Wannan sharaɗin shi ya riƙe taron. Muka ce kowane ɗaki ya kawo sidi 40, kuɗin Gana, idan da hali, a miƙa wa Mma ita kaɗai a ɗakinta. Wanda ba shi da shi ya kawo gawayi, ko ya ɗebo ruwa, ko ya aro benci, ko ya tsaya wanke-wanke. A gidan haya an san wanda aka sallama daga aiki, an san wadda mijinta ya yi tafiya bai aiko ba. Da an zaga da takarda ɗaki-ɗaki, irin waɗannan za su kulle ƙofa su ce ba su jin daɗi, su hana yaransu fitowa. Har yau ban san wa ya bayar wa bai bayar ba, kuma na fi son haka.

Laraba ce ranar kasuwar Nima, ta zo mana daidai. Mu biyu muka shiga da sassafe muka sayi shinkafa da wake a awo, karan dafi, kanwa, garin rogo, taliya, ƙwai, ganda da busasshen kifi na shito, wato soyayyen yaji. Nama ba mu taɓa ba. Wace, wato shinkafa da wake a tukunya ɗaya, muka yanke shawarar dafawa, ita kaɗai, don tana da auki, kuma babu wanda ke raina ta a Zango, yaro ko babba. Da mun ce sai an yi abinci kala biyu ko uku, da kowace tukunya ta nemi manta da gawayinta da mai tsayuwa a kanta. Abin sha kuwa sobolo, wato zoɓo, muka dafa daren Alhamis da citta da kanumfari da ɓawon abarba, muka ɗura a robobin da yara suka tara suka wanke, maƙwabciya mai firji ta ajiye mana. Sabuwar masara ta fara shigowa, muka ƙara da ita don gashi da yamma.

Yara dai suna son a ce an fita. Don haka da safiyar Juma'a maigidana ya kwashi na gidan da suka yi wayo, suka hau trotro zuwa Tema Station, suka ƙarasa da ƙafa dandalin Black Star. Kallon ƙofar nan mai tauraro, wadda aka rubuta 1957 a goshinta, ba a biyan ko sisi, kuma daga nan ana hango tekun da suke ta marmari. Wurin tunawa da Kwame Nkrumah, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, yana nan kusa, sai dai shi da kuɗin shiga, suka bar shi sai wani jiƙon. Suka dawo aka yi wanka, aka taka zuwa Babban Masallacin Ƙasa na Kanda sallar Juma'a, tafiyar da ba ta bukatar mota daga wurinmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan an sauko. An daɗe a Gana ana ɗaukar 1 ga Yuli ranar girmama tsofaffi, sai muka ce kwanon farko nasu ne. Yara suka kai wa dattawan layinmu da hannunsu, suka durƙusa suka gaishe su, waɗanda ke iya fitowa muka shimfiɗa musu tabarma. 'Yata ta tsakiya ta tambayi wani dattijo da duk unguwa ke kira Baba: "Baba, in an samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, to wannan ta mece ce?" Ya ajiye cokali ya yi mata bayani a tsanake. Bayan 'yancin, Sarauniyar Ingila ce har yanzu shugabar ƙasa a takarda, tana da wakili a nan Ankara, Nkrumah kuma firaminista ne. A watan Afrilun 1960 aka yi ƙuri'a, Nkrumah ya kayar da J. B. Danquah, ranar 1 ga Yuli ya zama shugaban ƙasa, wakilin Sarauniya ya tafi. Ya ce lokacin yana ɗan makarantar allo, fam da sule ake kashewa, sidi bai zo ba sai 1965. Samarin da suka leƙo don abinci suka ja benci suka zauna, aka ɗora ataya, hira ta kai la'asar. Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawo haka ba, kuma na gane ba a taɓa zaunar da shi an tambaye shi ba ne.

Ruwa ya sauko wajen ƙarfe biyar. Mun riga mun aro tamfol daga masu hayar kujeru na bakin layi, samari suka ɗaure shi tun safe, gawayin ma yana cikin zaure, don haka gashin masara bai tsaya ba. Duk mai shirin taro a Ankara cikin Yuni ko Yuli, ya fara tanadin rumfa kafin ya yi maganar abinci.

Da aka watse, Mma ta kira mu mata ta zazzage abin da ya rage, bai kai kuɗin buhun gawayi ba. Ta zuba shi a gwangwanin madara ta ce na baɗi ne. Muka amince duk Juma'a mai hali ya jefa sidi 5, tun yanzu, don kada hidimar Sallah ta sake riga mu. Idan gwangwanin ya yi nauyi, za mu biya wa yaran ƙofar wurin Nkrumah, kuma Baba ya ce in Allah ya kai mu da lafiya shi zai raka su.