Bambar Motar Baba

Motar Baba Chevrolet Caprice ce ƙirar 1981, fara, mai fitilu huɗu a gaba. Da ita ya ci da mu. Shekara da shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Jidda da Makka, lokacin aikin hajji kuwa sai mu yi kwanaki ba mu sa shi a ido ba. Larabawan nan suna kiran samfurin da ya fito a 1991 "sabuna", saboda jikinta a mulmule yake kamar sabulu. Tamu ta kafin nan ce, mai kafaɗu da kusurwa, kamar da wuƙa aka yanka ta.

Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, motar ta daɗe a lulluɓe da tamfol a gefen gida. Ruwan ambaliyar da aka yi a Jidda a watan Nuwamban 2009 ya taɓa shigar mata har ƙasan ƙofa, ga kuma iskar Bahar Maliya mai gishiri da ba ta barin ƙarfe ya huta. Da na ɗauki niyyar tayar da ita, inji da birki na kai wa masu sana'ar. Bambar gaba ce na ce wannan kam da hannuna zan ɗaura, domin tun ina yaro ni ke wanke ta da safe kafin Baba ya fita, kuma na san lotsawar da ke gefenta na dama tun ranar da aka same ta.

Na samo wata a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci da ke Buraiman, inda nan ake kira tashlih. Lafiyayya ce, farin ruwanta bai ɓare ba, sai dattin shekaru. Na kwana biyu ina goge ta har ina ganin fuskata a ciki.

Ranar Juma'a bayan la'asar, da rana ta ɗan yi sanyi, ni da ƙanena muka kwance tsohuwar. Tun daren Alhamis na fesa wa notinan man kwance tsatsa, shi ya sa ba su yi gardama sosai ba. Wanda zai taɓa motar Amurka ta waɗannan shekarun ya ajiye sifanu iri biyu kusa, domin a lokacin ne kamfanin ke ƙaura daga awon inci zuwa na milimita, sai ka tarar da wannan noti na inci ne, na kusa da shi na milimita. In ka matsa wa noti sifanar da ba tasa ba, kansa zai mulmule, ka sayi wahalar yini guda.

A nan na yi kuskuren farko. Tsakanin bambar da mariƙinta akwai wasu siraran faifan ƙarfe da aka cusa, ciko ne da aka sa don daidaita zamanta. Suka zubo ƙasa, na tattara su tare da notina da washa na zuba a gwangwanin madara ɗaya. Ban ƙirga nawa ne na dama nawa ne na hagu ba, ban ɗauki hoto ba, alhali waya tana aljihuna.

Muka ɗaga sabuwar. Nauyinta sai wanda ya ɗauka, domin bayan farin ƙarfen da ido ke gani akwai wani ƙarfe mai kauri da ke ɓoye a ciki. Ƙanena yana riƙe da ɓangaren dama, hannunsa har rawa yake, ni kuma don in sauƙaƙa masa sai na ɗaure na hagu tamau, na gama da shi, sannan na zagayo. Ramukan dama suka ƙi haɗuwa. Muka tura, muka ja, da ƙyar kusoshi suka shiga. Da na ja da baya na duba, gabana ya faɗi: hagu ta fito waje, dama ta shige har tana neman taɓa jikin motar, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ɗauko tef na auna daga ƙasa zuwa leɓen bambar, na sassauta, na gyara har awon biyu ya zo ɗaya, na sake dubawa. Ta ƙara karkacewa. Haka muka yi ta fama har aka kira magariba, muka lulluɓe ta.

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Na riga na yanke a raina cewa bambar da na sayo ce a lanƙwashe.

Da safiyar Asabar na je na ɗauko Kawu, ƙanin Umma, wanda ya yi shekarunsa yana gyaran jikin mota a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, kafin idonsa ya fara rauni. Ya zagaya motar sau ɗaya a hankali, bai taɓa komai ba.

"Ɗana, a ina ka yi awon?"

"A nan, Kawu. Daga ƙasa."

"To ƙasar nan waye ya ce maka a miƙe take?"

Layinmu a gangare yake zuwa bakin kwata, ban taɓa lura ba sai ranar. Ya sa muka tura motar cikin garejin maƙwabcinmu mai daɓen siminti, ya sa aka daidaita iskar tayoyi huɗun. Sannan ya ce ko a nan ma kada in dogara da ƙasa. Tsohuwar mota ƙafafunta sun gaji, musamman gefen direba da ya sha zama, ba mamaki ta ɗan kwanta gefe ɗaya. Mai kallo kuwa ba ya gwada bamba da ƙasa, da layin fitilu da ragar gaba yake gwada ta. Don haka daga jikin motar ake awo: daga ƙasan gidan fitila zuwa saman bamba, dama da hagu, sai kuma daga kafaɗar motar, wato ƙarfen da ya rufe saman tayar gaba, zuwa inda bambar ta lanƙwaso.

Ya ce mu sauke ta gaba ɗaya. Ya kwantar da ita a kan siminti, ya ja zare daga wannan kai zuwa wancan. Lafiyarta ƙalau. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Bambar wannan mota ba a jikin shasi take kai tsaye ba. Tana zaune ne a kan wasu gajerun bututu biyu masu kama da shokozoba, ɗaya dama ɗaya hagu. Asalinsu wata doka ce ta Amurka da ta fara aiki a kan motocin 1973, wadda ta ce in mota ta bugi abu da gaba a gudun mil 5 a awa, kimanin kilomita 8 ke nan, kada fitilunta da sauran kayan tsaronta su lalace. Shi ya sa bambobin shekarun nan suka yi kauri suka turo gaba. Bututun yana da mai da iska a matse a ciki. In an bugi bamba sai ya shige ya shanye bugun, sannan ya dawo da kansa. Kawu ya miƙo mini tef ya ce in auna tsawon kowanne daga shasi zuwa farantin da ke bakinsa. Na dama ya gaza na hagu da kusan santimita 3. Tun bugun nan na zamanin Baba ya shige bai dawo ba, tsatsa ta zo ta riƙe shi a nan. Tsohuwar bambar ta lotse daidai wurin, shi ya sa ba wanda ya taɓa gane wa. Miƙaƙƙiya ce ta tona asirin.

Na ce, "Kawu, ko in kira mai walda ya gasa shi, mu ɗaura sarƙa mu jawo?"

Fuskarsa ta canza. "Kul! Kada ka kuskura wuta ta kusanci wannan abu. Iska ce a matse a ciki, in ta yi zafi fashewa zai yi a fuskar mutum. Ba a gasa shi, ba a yi masa walda. Canzawa ake yi."

Wannan magana ita na fi so duk mai irin motar nan ya riƙe, ko da ya manta sauran. Da ni kaɗai ne a ranar, da na kira mai walda.

Na koma Buraiman na samo bututun guda biyu daga mota ɗaya, na auna su gefe da gefe tun a can kafin in biya.

Sai kuma robar da ke rufe tsakanin bamba da jikin mota. Ta asali rana ta gama da ita, ina taɓa ta sai ta marmashe a hannuna kamar busasshiyar gurasa. Na yi odar sabuwa daga Amurka ta intanet, na jira makonni. Da ta iso ba ta zauna daidai ba sai da muka ɗan kankare bakinta, kuma Kawu ya hana a yi mata fenti kafin a gwada ta a jikin motar. Ita ake fara ɗaurawa, domin in bamba ta hau hannu ba ya kai wa ga kusoshinta.

Ranar ɗaurawa ta biyu ba wanda ya riƙe komai a hannu har ya gaji. Muka ɗora katako a kan jak, muka shimfiɗa tsohon bargo a kai, muka kwantar da bambar, ƙanena yana ɗagawa sannu a hankali. Na manna salatif na takarda a kusurwoyin jikin motar saboda kada ƙarfe ya karci fenti. Kawu ya ɗaura noti a bakin zare, ya sako shi daga tsakiyar bonet, na yi alama a tsakiyar bambar, muka haɗa su. Ramukan farantin dogaye ne, da gangan aka yi su haka don bamba ta samu wurin motsawa. Duk notinan da yatsu kawai na murɗa su, yadda in ka bugi bambar da tafin hannu za ta ɗan gusa amma ba za ta faɗi ba.

Daga nan aikin ya zama na ido da haƙuri. In auna, in ɗan buga, in ja da baya kamar taku goma, in tsuguna har idona ya zo daidai da fitilu. Kawu yana zaune a kan kujerar roba da kofin shayi, yana cewa, "Ɗaga dama kaɗan. Ya isa. Ka wuce." Faifan cikon nan da na cakuɗa a gwangwani su suka fi cin lokaci, don sai da muka yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, abin da hoto guda zai raba mu da shi. A ƙarshe biyu suka zauna a hagu, ɗaya a dama.

Ɗaurewar ma ba a yi ta lokaci guda ba. Kaɗan a hagu, kaɗan a dama, a sake aunawa, domin noti yana jan bamba zuwa gefensa yayin da yake kamawa. Na shafa wa kowace kusa giris kafin in sa, saboda wanda zai kwance ta wata rana. Sai da komai ya kama muka sauke jak, muka sake dubawa ko ta sauka. Ba ta motsa ba.

Saura wani ɗan bambanci a kusurwar dama, bai kai kaurin tsabar riyal biyu a haɗe ba. Na so in sake kwancewa. Kawu ya kama hannuna ya ɗora a kan kafaɗar motar, ya ce in shafa. Na ji ɗan tudu a ƙarƙashin fentin, inda aka taɓa bugawa aka miƙar.

"Wannan ba na bamba ba ne, ɗana. Ni na yi wa babanka gyaran nan da hannuna. In ka bi shi, sai ka karkatar da duk sauran. Bar shi."

Na bar shi.

Da yamma Umma ta fito bakin ƙofa ta daɗe tana kallon motar, ta ce Allah ya yi albarka, ta koma ciki. Washegari na hau tsohuwar hanyar Makka har Bahra na juyo, rediyo a kashe, kunnena yana gaba ko zan ji ƙarar ƙarfe. Da na dawo na shiga ƙarƙashi da sifana. Notina biyu na dama suka karɓi ƙarin kwatan murɗi, sauran suna nan daram.